Ina Kiristoci Suke Yanka Bunsurunsu?

Ni Bamaguje ne, ɗan Bamaguje, jikan Bamaguje. An haife ni a wani ƙauye da ke kudancin jihar Katsina, wajejen Malumfashi, a babban gida irin namu na da, wanda kaka da 'ya'yansa da jikokinsa duk ƙofa ɗaya suke shiga. Yawancin masu tashi su ba da shaida a majami'a, ko dai cikin ikilisiya aka haife su suka bauɗe suka dawo, ko wani ya yi musu wa'azi suka tuba. Ni ba wanda ya yi mini wa'azi. Da kuɗina na sayi littafin, a ɗakin gadi na karanta shi, kuma sai da na yi wata 8 ina fama da shi kafin in taka ƙofar majami'a.

A gidanmu ba a salla, ba a zuwa coci. Mun san akwai Allah, da shi muke rantsuwa, amma a ganinmu yana can nesa, ba ya shiga ƙananan al'amura irin zazzaɓin yaro ko tsutsa a gona. Masu shiga irin waɗannan su ne iskoki, su kuwa jini suke so. Kafin shuka Baba yakan yi yanka a gindin tsamiyar da ke bayan gida, in amfani ya shiga rumbu a sake. Kowane iska da irin dabbar da yake karɓa, wani jan zakara, wani baƙar akuya, kuma ba a kai mai ido ɗaya ko mai ɗingishi. Tun ina ɗan shekara 8 ni ne mai riƙe ƙafafun dabba. Na san ɗumin jini a yatsu, na san yadda Baba yake sassauta murya in yana kiran sunayen da ba a kira da rana tsaka.

Sai gidan ya fara tsagewa. Babban wanmu ya tafi Funtuwa koyon gyaran mota, ya dawo da sabon suna da carbi. Yayata ta auri wani Kirista daga ƙauyen gaba, ta shiga zumuntar mata. In an haɗu lokacin kaka, bayan an sha fura, sai kowa ya juyo kaina. Yaya ya ce, "Auta, ka zo ka yi salla ka huta da wannan duhu." Ita kuma ta ce, "Auta, Yesu yana kiranka." Baba yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya, ba ya cewa uffan. Na ji kamar akuyar da aka ɗaura wa igiya biyu. Na ce a raina ba wanda zai ja ni, sai na gani da idona.

A shekarar 2010 na tafi Zariya cin rani, ban dawo ba. Na sami gadin dare a wani sito na takin zamani a Sabon Gari, albashi naira 8,000. Firamare kawai na gama, amma karatun Hausa ya zauna mini saboda littattafan soyayyar da muke haya a ƙauye. Wata rana a ƙarshen 2011, a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, na hango wani mai baƙin bango, gefensa ya sha hannu, an rubuta Littafi Mai Tsarki. Muka daidaita a naira 700. A ranar kuma na sayi ɗan ƙaramin littafin koyon salla, don kada in zalunci Yaya. Wancan ina da masu yi mini bayaninsa ko'ina na juya. Wannan kuwa ba ni da kowa, sai tocila da sauro.

Na buɗe daga farko kamar yadda ake buɗe kowane littafi. Ban san cewa littattafai 66 ne aka ɗinke wuri ɗaya ba, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabo. Na ɗauka labari ɗaya ne mai tsawo. Farawa ya yi mini daɗi ƙwarai. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa sai da na karanta shi sau uku, don duk wanda ya tashi a gidan da ake da kishiyoyi ya san yadda riga guda take iya raba 'yan uba. Fitowa ma na wuce shi da gudu, sai wajen ƙarshe da aka shiga awon alfarwa na fara hamma.

Daga nan na faɗa Littafin Firistoci. Daga baya na ji Kiristoci da yawa suna cewa nan ne karatunsu yake mutuwa, har wani fasto ya taɓa yin raha cewa maganin rashin barci ne. Ni kuwa a nan barci ya ƙaurace mini. An ce a kawo namiji marar lahani. An ce mai hadaya ya ɗora hannunsa a kan dabbar kafin a yanka. An faɗi inda za a yayyafa jini, an faɗi abin da za a yi da kitse, an ce talakan da ba shi da halin rago ya kawo kurciyoyi ko 'yan tattabaru. An ce ran dabba yana cikin jininta. Na ajiye tocila na zauna shiru. Wannan ai aikin Baba ne, sai dai an rubuta shi, kuma ba ga iskoki ake miƙawa ba, ga Allah ne da kansa, wanda muka ɗauka ba ruwansa da mu.

Sura ta 16 ita ta fi kama ni. Sau ɗaya a shekara babban firist yakan ɗauki bunsuru biyu, a jefa ƙuri'a a kansu. Ɗaya a yanka. Ɗayan kuma ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta dukan laifofin jama'a, sa'an nan a ba wani mutum ya kai shi jeji ya sake shi. Mu a gida muna yanka ne don a bar mu lafiya, kamar mai biyan kuɗin fito. Ba mu taɓa yanka don laifin da muka yi ba, balle a ce laifi abu ne da za a ɗora wa dabba ta tafi da shi. Na kwana ina tunanin bunsurun nan na biyu, shi kaɗai a daji da kayan mutane a ka.

A gefen wannan sura, wanda ya mallaki littafin kafin ni ya yi rubutu da fensir: Ibr. 10:4. Na ce to, sunansa Ibrahim, ya karanta nan da ƙarfe 10 da minti 4. Har na ji ya burge ni, mutum mai kiyaye lokaci. Rashin sani ya fi dare duhu. Ban san cewa lambar farko sura ce, ta biyu aya ba, ban kuma taɓa duba shafin farko inda aka jera sunayen littattafan ba, don na ɗauka talla ce.

Abin da na fahimta a lokacin shi ne Kiristanci ma yanka ne, nasu dai ya fi namu tsari. Sai na fara sa ido. Ran Lahadi in na tashi daga aiki nakan bi ta bayan majami'u ina leƙen katanga, ina neman inda suke ɗaure dabbobi. Ban ga turke ba, ban ga toka ba, ban ji ƙaurin kitse ba. Sai kiɗa da mata masu ɗaurin ɗankwali iri ɗaya. Na ce watakila da dare suke yi, kamar mu.

Akwai mai shayi a bakin layinmu, Malam muke ce masa, ya yi karatun allo mai zurfi. Shi ne mutum na farko da ya ga littafin a hannuna. Bai ɓata rai ba. Ya tambaye ni inda na kai, na ba shi labarin Yusufu, ya ƙarasa mini shi daga nasu ɓangaren, muka yi ta gwada inda suka haɗu da inda suka rabu har ruwan shayinsa ya ƙone. Ya faɗa mini gaskiyarsa, cewa a wurinsu Annabi Isa manzo ne mai girma amma ba ɗan Allah ba, kuma suna ganin hannun mutane ya taɓa littafin da ke hannuna. Ya ce, "Kai Bamaguje, Allah da bai yi aure ba, ina ya samo ɗa?" Ban da amsa. Ban ma kai wurin ba tukuna. Duk da haka bai fasa ba ni shayi bashi ba in wata ya yi nisa.

Littafin Ƙidaya ya kayar da ni. Sunaye da lissafin kabilu suka sha kaina, na rufe littafin kusan wata guda. Ranar da na koma, sai na buɗe can wajen ƙarshe da ka, na faɗa kan Markus. Sura 16 ne kacal, na cinye shi a dare biyu. A sura ta 5 na gamu da mutumin da yake zaune a makabarta, wanda ko sarƙa ba ta riƙe shi, yana yanka jikinsa da duwatsu. Na san irinsa, akwai ƙanen Inna da ya ƙare haka, an yi yanka har garke ya ƙare bai warke ba. A nan kuwa iskokin ne suke roƙo. Yesu bai tambaye su kalar dabbar da suke so ba, bai yi ciniki da su ba, umarni ya ba su suka fita, suka shiga aladu wajen 2,000. Wanda bai tashi cikin tsoron iskoki ba zai karanta wannan ya wuce. Ni sai da na fita na zaga sito sau biyu.

Na karanta gicciyewar, ta ba ni tausayi, amma ban haɗa ta da komai ba. Na ɗauka mutumin kirki ne aka zalunta, Allah ya rama masa ta wurin tashe shi. Da na shiga Luka na tarar ana maimaita labarin, na ce masu ɗab'i sun yi kuskure, sun cuce ni a naira 700 ɗina.

Addu'a ma sai da ta ba ni wuya. Ina zan fuskanta? In cire takalmi? In wanke hannu? Da wace murya ake yi wa Allah magana, ta Baba a gindin tsamiya ko ta Malam a masallaci? Na yi ta jinkiri har na iske wurin da Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, ya kuma koyar da kalmomin da za a faɗa, a Matiyu sura ta 6. Ɗakin gadi ba shi da ƙofar kirki, buhu ne labulensa. Na sauke buhun na karanta addu'ar daga littafi, yatsana yana bin layi. Kalmar farko ce ta tsaya mini a wuya. Uba. A gidanmu ba a kiran abin da ake tsoro da wannan suna.

Malam ne ya tura ni waje. Wata asuba ya ce, "Addini ba a yinsa a ɓoye kamar satar kaza. In namu kake so, ga masallaci. In nasu ne, je ka wurinsu su koya maka. Wannan zaman naka na tsakiya ba zai kai ka ko'ina ba."

Sai dai na zaɓi mummunan lokaci. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 bama-bamai suka tashi a majami'u biyu a Zariya, ɗaya a Wusasa ɗaya a Sabon Gari, da wata kuma a Kaduna, aka yi rikici, aka sa dokar hana fita. Makonni kaɗan bayan haka ni kuma na wanke kaftanina, na sa hula, na saka littafina a baƙar leda, na nufi wata majami'a. Ku duba hoton: Bahaushe, baƙo, ba mai saninsa, da ƙunshi a hannu. Tun daga shingen farko samari suka tare ni. Suka yi mini Turanci ban gane ba. Suka ce in ajiye ledar in ja da baya. Wani ya buɗe ta da sanda. Da suka ga Littafi Mai Tsarki ne sai abin ya ƙara ba su tsoro, suka ce wa ya aiko ni. Na ce ba kowa. Suka ce in tafi. Ban riƙe su a zuci ba yanzu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma a ranar na yi kuka a hanya, ni da gemuna.

Da ƙofa ta rufe sai na koma ga waya. Na sa aka loda mini wa'azi a katin waya, na kuma fara kama wasu masu wa'azi da dare. A nan na gamu da wani mai zaƙin baki da yake cewa a shuka iri, Allah zai mayar riɓi ɗari. Ɗan manomi ne ni, maganar iri ta shige ni. Na tura masa katin naira 3,000, fiye da sulusin albashina, ya yi mini addu'a ta minti ɗaya, daga nan lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne na gane tsohon ciniki ne aka sauya wa riga: kawo abu a bar ka lafiya. Na baro shi a gindin tsamiya na zo na same shi a waya. Mai koyo shi kaɗai ba shi da wanda zai taɓa shi ya ce kai, wannan ba haka ba ne, irin waɗannan mutane kuwa sun san da haka.

Yayata ce ta ji labari, ta ce in nemi majami'ar da ake sujada da Hausa, in je ranar da ba Lahadi ba. Na je wata Talata da la'asar. Ba kowa sai wani tsoho a inuwar darbejiya yana gyaran benci, ashe dattijon ikilisiya ne. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Samari, lafiya?" Duk jawabin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, don Allah, a ina kuke yanka bunsurunku?"

Ya ajiye guduma ya dube ni. Ya ce, "Daga wane gida kake?" Na faɗa masa. Ya ce kakarsa ma Bamagujiya ce. Ya karɓi littafin, na nuna masa sura ta 16, idonsa ya sauka kan rubutun fensir. Na ce, "Wannan Ibrahim ne, mai littafin na da." Tsohon nan ya yi dariya har da tari, sai da ya share hawaye. Ya ce, "Ɗana, ba Ibrahim ba ne. Ibraniyawa ne, sura 10, aya 4. Amsarka tana hannunka tun ranar da ka sayi littafin nan."

Ya buɗe ya sa ni na karanta da bakina. Wurin yana cewa jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba, shi ya sa ake ta maimaitawa kowace shekara. Firist kullum a tsaye yake yana miƙa hadaya iri ɗaya, amma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, sa'an nan ya zauna. Kalmar zama ɗin nan ita ta buɗe mini ido. Ban taɓa ganin Baba ya gama yanka ya ce shi ke nan ba, kullum akwai na baɗi, kullum akwai wanda aka manta ba a ba shi ba. Dattijo ya juya zuwa farkon Yahaya, inda aka nuna Yesu aka kira shi Ɗan Ragon Allah mai ɗauke zunubin duniya. Ya ce, "Ga bunsurunka na farko, ga na biyu, duk a mutum ɗaya." Ya ƙara da cewa ko Yahudawa ma sun daina yankan tun shekara ta 70 da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima. Gicciyen da na karanta a Markus ina jin tausayi kawai, sai a ranar na gane abin da nake kallo.

Kusan shekara biyu ina zuwa wurinsa kowace Talata. Shi ya koya mini sura da aya, ya gaya mini Matiyu da Markus da Luka da Yahaya shaidu huɗu ne a kan abu ɗaya, ba kuskuren ɗab'i ba. Shi ya warware mini rikicin sunaye, don a wa'azin waya ina jin Matta da Yohanna amma ba su a littafina, ashe tsohuwar fassara ce take kiransu haka. Wata rana ya ɗauke ni a babur zuwa Wusasa ya nuna mini tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa, ginin Hausa sosai, wadda aka gina a 1929. Ya ba ni labarin Likita Mila, Baturen mishan da ya zauna a birnin Zariya tun 1905, wanda ya yi aikin fassara tare da Hausawa har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ni da nake ganin addinin nan na mutanen kudu ne, sai ga kaburburan Hausawa masu bi da suka girmi kakana.

Ya taɓa nuna mini Ayyukan Manzanni sura ta 8, labarin wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha da yake karanta Ishaya a cikin karusarsa shi kaɗai, Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa, ya ce ina zai gane in ba wani ya fassara masa ba. Dattijo ya ce, "Ga ɗan'uwanka, sai dai shi a karusa, kai a ɗakin gadi." Amma ya kan kuma ce da 'yan ajin baftisma, waɗanda aka haifa cikin ikilisiya, su zo su ji Firistoci a bakina, don su ba su taɓa riƙe ƙafar akuya tana shure-shure ba.

An yi mini baftisma a 2014. Ba zan ce komai ya warware ba. Tambayar Malam na kai ta aji, aka bayyana mini cewa ba haihuwa irin ta jiki ake nufi ba, na karɓa, na kuma koma na faɗa masa. Ya girgiza kai ya zuba mini shayi. Maganar Allah ɗaya cikin uku har yau ina gaskata ta fiye da yadda nake iya bayyana ta, kuma ban yarda da wanda zai ce mini abu ne mai sauƙi ba.

Abin da na fi tsoro shi ne gida. Na je da bazara, ana shirin yankan shuka. Da dare na sami Baba a zaure na ce, "Baba, bana ba zan riƙe muku ƙafa ba." Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Auta, kai ma? To, bayan raina wa zai ba su?" Ban san abin da zan ce ba, sai na ce ko zai yarda in karanta masa wani abu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na kunna tocila na karanta masa Firistoci 16 daga farko har ƙarshe. Yana ji yana gyaɗa kai a wuraren da ya kamata, kamar maƙeri yana duba aikin wani maƙeri. Da na gama ya ce, "Waɗannan mutane sun san aiki." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Shi na biyun, da aka kai jeji, ba ya dawowa?" Na ce ba ya dawowa. Na so in buɗe Ibraniyawa, ya ɗaga hannu ya ce dare ya yi.

Washegari ɗan ƙanensa ne ya riƙe masa akuyar, ni ina gona ina sassabe. Har yau Baba yana yankansa, Yaya yana sallarsa, in mun haɗu lokacin kaka tuwo ɗaya muke ci. Ranar da zan koma Zariya, Baba ya rako ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Da mota ta tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In za ka zo girbi, ka taho da littafin nan. Ka kuma sayo batir, tocilarka ba ta da haske."